Dattijo Mai Ƙirga Taku

Muhsina mai abinci tana jan ruwa a rijiyar bayan kasuwar Roni, amma hankalinta na kan wani dattijo da ba ta sani ba. Dogo ne siriri, rigarsa fes, ya naɗe wando har ƙwauri. Yana dafa bakin rijiyar, sai ya miƙe gabas da dogon taku, leɓensa na motsi. Ya kai wani kango, ya girgiza kai, ya dawo ya sake.

Taɓin hankali ne? Ai tsabtarsa ta yi yawa. Dillalin fili ne, ko wani abu ya yar? Ta rasa gane kansa.

A karo na uku ya yi wa wani mai haƙa masai a kangon sallama.

"Maigida, taku sha tara ne kacal. In bai kai talatin ba, abin da ya shiga ramin nan shi za mu sha da damina."

"Baba, wa ya aiko ka?"

"Ba kowa, aikin sa kai ne. Ni ma nan nake sha."

Muhsina ta yi sororo da igiya a hannu. Tsakanin rijiyarsu ta gida da masai fa? Ta ƙirga a zuci sau biyu, bai wuce bakwai ba.