Keken Ɗangiwa a Bayan Goggo

A Jabo, idan damina ta yi nisa, gero kan rufe turbar kasuwa har mutum ba ya ganin wanda ke gabansa. Nan masu keke da masu ƙafa suke cin karo, kullum sai an yi cacar baki.

Ɗangiwa mai gyaran keke ba shi da ƙararrawa a nasa. Tun yana saurayi ya cire ta, ranar da ya kaɗa ta a bayan wata budurwa mai tallar nono. Ai kuwa ta razana ta juya, ƙwaryar ta faɗi ta tsage. Mai kaya a ka ba a firgita ta. Daga nesa ake yi mata sallama, a sauka a tura. Budurwar nan ita ce Lauratu, wadda yau kowa ke kira Goggo, matarsa.

Yanzu kunnen Goggo ya yi nauyi, ko ihu aka yi a bayanta ba ta ji. Da wani mai keke ya goge ta bara, ɗanta Gazali ya ce ta bar zuwa kasuwa. Ta zauna gida, ta daina dariya, abinci ma sai an lallashe ta. Abin ya ci ran Ɗangiwa ƙwarai.

Ya ce wa ɗan, “Bar ta ta tafi. Ni ka bin ta.”

Haka aka yi. Duk ranar kasuwa tana gaba da ƙwaryarta, shi yana baya yana tura keke a tsakiyar turba. Wa zai wuce dattijo bai sauka daga keke ba? Dole kowa ya sauka ya gaishe shi. Samari har tsokanarsa suke yi: “Baba, keken nan ado ne?”

Ran nan zazzaɓi ya kwantar da shi. Kafin ya farka, Goggo ta ɗauki nononta ta fita. Hankalinsa ya tashi, ya rarrafa zaure ya zauna yana kallon hanya.

Da la'asar sai ga ta ta ɓullo daga cikin gero lafiya lau. A bayanta samari ne jere, kowa yana tura kekensa a hankali.

Ta sauke ƙwarya ta ce, “Malam, ka ga? Yau ko mai keke guda ban gani ba a hanya.”

Ɗangiwa ya sunkuyar da kai, ya share ido da bakin rigarsa.