Alhaji Yunus Dada, Fatoman da Hukuncinsa Ya Kai Amurka

Alhaji Yunus Dada, fatoma a Kasuwar Shanu ta Potiskum, ya rasu da hantsin Alhamis, 13 ga Yuni, a gidansa, bayan gajeriyar jinya. An yi masa sutura bayan la'asar. Ya bar matarsa, Hajiya Meram, da 'ya'ya bakwai da jikoki. Jajibirin rasuwar Laraba ce, ranar kasuwa, kuma kasuwar layya. Daga kan gadon jinya ya yini yana yi wa yaransa faɗa ta waya a kan wani bijimi da suka bari a rana.

Fatoma shi ne mai saukar baƙon da ya zo ciniki. Shi ke ba shi makwanci da abinci, ya tsaya masa wajen saye ko sayarwa, ya lamunce shi idan rigima ta tashi. Wannan aikin ka yi tun kana saurayi, Alhaji, kuma rumfarka tana da doka ɗaya da kowa ya sani: a kushe saniya, a bar mai ita. Mai saye yana da damar ya ce ramammiya ce, ta tsufa, ƙafarta ba lafiya, har ya ce da ƙyar za ta kai Damaturu. Amma ya kuskura ya ambaci ƙabilar mai dabbar ko addininsa, sai ka tashi ka kwance igiya ka ja dabbar, ciniki ya mutu sai wata Larabar. Ochai, ɗan Binuwai da ke lodin shanu zuwa kudu, ya gaya mana a wajen zaman makoki cewa ka taɓa kwance igiya a kan wani dillali da ya ce masa arne. Bayan shekara guda kuma ka kwance a kansa shi ma, ranar da ya ce Fulani duk ɓarayi ne. Yana ba da labarin yana dariya yana share ido.

Ni ɗan jarida ne, don haka Mai Labarai kake kirana. Lokacin da 'yarka Adawiyya ta gama karatu a Amurka, ta samu aiki a ofishin kamfen na wani mai neman tikitin jam'iyyarsa na kujerar majalisar wakilan ƙasar, sai ka aika a kira ni in yi maka bayani. Tambayarka ta farko ita ce a wane otal za a ɓoye daliget. Na ce babu daliget, masu ƙuri'a ne ke fita da kansu su zaɓi ɗan takara. Sai ka ce, "To wa ake kai wa shinkafar?" Daga ranar ka zama mai bin zaɓen fidda gwanin wata mazaɓa da ba ka taɓa gani ba, kana tambayata sakamakon jin ra'ayi kamar yadda kake tambayar farashin Legas.

A watan jiya abin ya daina zama na raha. Yaƙin Gaza ya shiga cikin takarar, kowane ɓangare yana jifan ɗan'uwansa. Wani jami'in kamfen ɗin ya rubuta saƙo yana cewa Yahudawa sun saye abokin hamayyarsu, domin dama su ke riƙe da kuɗi da jaridu. Aka ce Adawiyya ta juya shi zuwa Hausa, ta naɗa da muryarta, a watsa wa masu ƙuri'a 'yan Ghana da Nijar da Najeriya da ke mazaɓar. Wannan shi ne aikinta na farko, da shi take biyan haya. Ta kira ka ina zaune a rumfarka, ka buɗe muryar wayar.

Wanda ya san ka ya san matsayinka a kan Gaza. Ba ka fasa alƙunutu ba, kuma na ga ka kashe rediyo saboda labarin yaran da aka kashe ya fi ƙarfinka. Amma ka san wani abu kuma. Dattijuwar da ta ba Adawiyya ɗaki a gidanta tun farkon zuwanta Bayahudiya ce mai suna Rahila. Kai Hajiya Rahila kake ce mata. Na taɓa yi maka gyara, ka ce duk tsohuwar da ta ciyar da ɗanka a baƙunta Hajiya ce, ko ta je Makka ko ba ta je ba.

"Uwata," ka ce wa Adawiyya, domin sunan mahaifiyarka ta ci, "za ki iya kunna wa Hajiya Rahila wannan muryar, ki fassara mata tana kallonki?"

Ta ce, "Baba, aikina fa."

"Na ji. Ki gaya wa maigidanki ya kushe saniyar. Abokin hamayyar nan ya goyi bayan a aika makamai, ko? To a faɗa, a faɗi wanda ya ba shi kuɗi da sunansa. Abin kushe ya yi yawa. Amma kada a sa bakinki a zagi dangin wadda ta sauke ki."

"Idan suka kore ni fa?"

"Ai hayar Hajiya Rahila ce za ta tsaya. Kin ga ita za ta biya kuɗin mutuncinta."

Adawiyya ta yi dariyar da ba ta shirya ba. Washegari ta shaida wa shugabanninta cewa ba za ta naɗa ba, ta faɗi dalili. Aka ce ta zauna a gida sai an neme ta. Bayan 'yan kwanaki saƙon ya fita da wani harshe, jaridun can suka yi caa, ɗan takarar ya ce bai taɓa ganinsa ba. Ba ka yi taƙama da cewa ka faɗa ba. Damuwa ka yi. Kullum sai ka tambaye ni ko an kira ta, har kana cewa idan abin ya ƙi ta dawo, rumfarka tana buƙatar mai jin Turanci.

Adawiyya ba ta samu zuwa jana'iza ba. Ta ce da labarin ya iso, Rahila ta sauko daga bene da tukunyar miya, ta jawo 'yar gajeriyar kujera ta zauna kusa da ita. A al'adarsu kwana bakwai ake zaman makoki, kuma ba a barin mai rashi ya dafa abincinsa. Da Adawiyya ta ce mata mu ma muna da sadakar bakwai, sai ta ce to babu wanda zai koya wa wani. Ita ta riƙa buɗe wa mutanen Nijar da Ghana ƙofa, tana nuna musu inda za su yi alwala.

Allah Ya jiƙanka, Alhaji Yunus. Ya sauke ka saukar da ta fi wadda ka yi wa baƙinka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Meram, da babban ɗanka Adamu da ƙannensa, da dangi na Danchuwa da Gadaka, da fatomomi da dillalan kasuwa. Allah Ya ba su haƙuri, Ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo.

A ƙarshen watan nan za a yi zaɓen. Daren jiya Adawiyya ta shaida mini cewa an sallami jami'in da ya rubuta saƙon, kuma wata abokiyar aikinta ta ce za a mayar da ita bakin aiki ranar Litinin. Ofishin kamfen ɗin bai tabbatar mata ba tukuna.