Farcen da Ba Nawa Ba

Jama'a, na je Ikko, na je Kumasi, ban taɓa ganin irin na yau ba!

Farcen ƙafata ya shige nama, na ɗingisa kasuwar Gaya wajen tsohon nan mai yankan farce. Ya gyara, ya zuba min yankakkun a hannu in je in binne. Sai ga ɗaya jawur da lalle, tsage a tsakiya!

Na ce, "Baba, yaushe na fara ƙunshi?"

Ya ce, "Na wata ne, yanzu ta tashi. Ta ce in ba wa mai ɗingishi, mijinta ne, shi yake binne mata."

Innalillahi! Farcen matata Hajara ne, taɓarya ce ta tsaga shi. Bara ta rasu.

Ban tsaya ba sai garinmu Toranke. Na binne mata farcen kusa da kabarinta.