Glenda Stidham Ba Ta Canka da Zuciya

An haifi Glenda Stidham a wani ƙaramin gari cikin duwatsun jihar Kentucky ta Amurka. A nan ta yi aure, a nan ta binne mijinta, a nan kuma take riƙe da gidan abincin da ya bar mata. Wake da burodin masara take sayarwa, ranar Lahadi a ƙara da soyayyar kaza. Abincin ba laifi, amma ba shi ya sa aka san ta ba.

Duk watan Maris, da an fitar da sunayen kwalejoji sittin da 'yan kai da za su kara a gasar ƙwallon kwando ta ƙasa, sai garin ya zauce. Kowa ya ɗauki takarda ya canki wa zai fitar da wa, tun daga zagayen farko har zakara. A bangon gidan abincin Glenda ake liƙa takardun, kowa da sunansa ɓaro-ɓaro a sama. Wanda ya fi dacewa, a rubuta sunansa a jikin wata tsohuwar ƙwallo da ke ajiye a kan kantar gidan abincin. Sunan Glenda ya kusa cinye ƙwallon nan.

Ba wani asiri ne gare ta ba. Mutanen garin da zuciya suke canka: wannan kwalejin ɗana ya yi, wancan kocin ɗan cocinmu ne. Ita kuwa tun farkon sanyi idonta na kan talabijin, tana juya wake tana lura da su wa ke da dogaye, su wa ke rikicewa in lokaci ya kusa ƙarewa. Taurin kai ne da ita na gasken gaske, kuma tana alfahari da shi.

Jikanta Dalton ita ta raine shi tun uwarsa ta tafi jihar Ohio neman aiki. A bayan gidan abincin ya koyi jefa ƙwallo, har wata ƙaramar kwaleji ta ɗauke shi. Bai taɓa shiga fili ba sai ya kira kakarsa ta sa masa albarka. A shekararsa ta ƙarshe kwalejin ta samu shiga gasar, abin da ba ta taɓa yi ba, aka kuma haɗa ta da ɗaya daga cikin ƙattan kwalejojin ƙasar.

Da Glenda ta liƙa takardarta, Virgil Combs, tsohon mai haƙar kwal da ke wuni a wurin, ya gyara tabarau ya matso.

“Ke Glenda, biro ne ya zame miki? Jikanki fa kika koro gida tun wasan farko.”

“Kai Virgil, sha kofinka. Gajeren cikin yaran can ya fi Dalton tsawo. Ƙarya zan rubuta?”

“Haba! Ni da ban haɗa komai da shi ba na kai su zagaye na biyu.”

“Shi ya sa sunanka bai taɓa hawa ƙwallon nan ba.”

Aka kwashe da dariya. Wani ya ɗauki hoton takardar da waya, kafin la'asar ya isa kwalejin su Dalton.

Ranar wasa Glenda ta sa wayarta a aljihun riga tun safe. Tana suya tana taɓa aljihun. Har aka busa usur bai kira ba. Aka lallasa su Dalton kamar yadda ta rubuta, ƙarshen gasa kuma ita ta sake yin zarra. Virgil ne ya rubuta sunanta a jikin ƙwallon, tana tsaye tana goge teburin da ba datti. Ba ta ji daɗi ko kaɗan ba.

Sai da aka rufe makaranta ya dawo gida. Ya gaishe ta, ya zauna, ta zuba masa wake ya cinye tas. Ta daɗe tana kewaye-kewaye kafin ta zauna gabansa.

“Ɗan nan, fushi kake yi da ni. To ai ka ga yadda aka yi. Gaskiya na rubuta.”

“Na sani, Kaka. Mu ma duk mun san kashi za mu sha, har kocinmu.” Ya ture kwanon gefe. “Amma tun ina ƙarami nake kallon bangon nan, ina cewa wata rana zan ga sunanmu da rubutun hannunki. Ko zagaye ɗaya ne.”

“To baɗi in Allah ya kai mu...”

“Na gama, Kaka. Babu baɗi.”

Glenda ta miƙe. Ta ɗauki kwanon ta shige kicin, ta buɗe famfo da ƙarfi don kada ya ji kukanta.