Ƙasusuwan da Modibbo ya zo gani

Ranar da Modibbo Hamadu ya shigo lakwal ɗinmu, wato makarantarmu, da sandarsa, ba na jin zan taɓa mantawa da ita. Ku da kuka fara koyarwa bana kun tarar da ni ina karanta darasi daga littafi, shi ya sa nake so ku ji yadda aka yi.

Lakwal ɗin ta kuɗi ce, a bakin unguwar Briqueterie ta wajen Ekoudou, kuma ni ke koyar da ilimin halittu, abin da muke kira SVT. Ajin terminal nake riƙe da shi a shekarar, wato ajin ƙarshe da ke zana jarrabawar bak ta kammala sakandare. A tsarin karatun da ma'aikatar ilimi ta aiko akwai babi kan dabbobi masu ƙashin baya: kifi, kwaɗi, masu jan ciki, tsuntsaye da masu shayarwa. A ƙarshensa ne ake zuwa maganar da littafi ke kira évolution, wato sauyawar halittu a tsawon zamani. Malamai da yawa tsallake wurin suke yi. Ni a lokacin ina da sauran ƙarfi.

Ba mu da ɗakin gwaji, don haka na nemi kayan aikina da kaina. Wani mahauci a kasuwar Mokolo ya ba ni ƙafar gaba ta akuya, na ɗauki fiffiken kaza a gida, na tsinci mataccen jemage a ƙarƙashin mangwaro. Na dafa su a tsohuwar tukunya, na kankare, na shanya, matata tana ta mitar wari. Sai na ɗaure kowanne da waya a kan katako. Na hannun mutum kuwa, hoton asibiti na kawo, wanda aka ɗauke ni lokacin da na faɗi daga moto, wato babur.

Darasin ya yi daɗi. Na nuna musu ƙashi ɗaya a damtse, biyu a sangalin hannu, sai ƙananan wuyan hannu, sai yatsu. Jemage ya miƙar da yatsunsa ya shimfiɗa fata, akuya ta taƙaita nata ta sa kofato, amma jerin bai canja ba. Wata ɗaliba mai suna Habiba, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajin, ta ɗora tafinta kusa da fiffiken jemage ta daɗe tana kallo.

Habiba 'yar Modibbo Hamadu ce, mutumin Garwa da ke koyar da Alƙur'ani a unguwarmu, kuma a bayansa nake sallar Juma'a wani lokaci. Da safiyar Litinin aka aiko in zo ofishin darakta. Na tarar da Modibbo a zaune, darakta kuwa yana tsaye yana ta ba da haƙuri da Faransanci, harshen da Modibbo ba ya ji sosai.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da Hausarsa mai gardin Fulatanci, ya ce, “Misye Sani, yarinya ta ce mini hannunta da fiffiken jemage abu ɗaya ne. A cikin unguwa kuma ana cewa ka ce kakanmu biri ne. Wanne ka faɗa?”

Na ce, “Allah ya gafarta Malam, na farkon na faɗa. Na biyun ban faɗa ba, littafin ma ba haka ya ce ba.”

Ya ce, “To kawo in gani.”

Na ɗauko katakan na jera a kan teburin darakta. Modibbo ya sa tabarau, ya bi ƙasusuwan da yatsa, yana taɓa nasa hannun yana komawa kan jemage. Sannan ya ce, “Tabarakallah. Wannan kam ido ya gani. Mai yi ɗaya ne, shi ya sa aikin ya yi kama. Littafinku me ya ce?”

Na gaya masa gaskiya, cewa masana wannan fanni sun ce kamannin na nuna tushe ɗaya ne da ya rarrabu a hankali, kuma da mutum a cikin lissafin. Na ce ana tambayar wannan a bak, yarinyar da ba ta san shi ba za ta iya rasa makin da take bukata ta shiga karatun likita.

Ya ce, “Kai fa, ka yarda da shi?”

Na ce, “Malam, ni Musulmi ne, kuma abin da ƙashi ya nuna ba zan ce ban gani ba. Ban gama haɗa su a kaina ba.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce ba zai cire ta daga lakwal ba, amma idan aka zo kan maganar mutum, ta fita waje, shi zai zauna da ita a gida su yi tasu maganar. Ban ji daɗi ba, amma na fahimce shi. Muka yi musabaha ya tafi.

Yana fita darakta ya rufe ƙofa. Ya ce iyaye uku sun riga sun kira shi, kuma mai lakwal ba ya son surutu. Na ce ai Modibbo bai nemi a hana komai ba. Ya ce, “Misye Sani, kana da gaskiya ɗari bisa ɗari, amma ka bar katakan a nan.” Daga ranar aka umarce ni in taƙaita babin, in karanta yara su rubuta, babu tambaya, babu abin nunawa.

Haka na yi. Na karanta, suka rubuta, babu wanda ya ɗaga kai. Habiba tana fita baranda idan lokacin ya zo, daga baya ta kwafa a wurin ƙawarta. Ta ci bak, amma makinta bai kai na likita ba, yanzu tana karatun jinya. Ban san ko babin ne ya rage mata ba, kuma na daina tambayar kaina.

Bayan damina na haɗu da Modibbo a bakin masallaci. Ya riƙe hannuna ya ce wani ɗan'uwansa malami ya zo daga Marwa, yana so ya nuna masa jemagen nan. Na je na tambaya a ofis, aka ce an kai katakan ɗakin ajiya, an kuma share ɗakin tun hutu.

Abin da na koya shi ne, uban da ya tako da ƙafarsa ya tambaye ka ido da ido ba shi ne matsalarka ba. Ku ba shi kujera, ku gaya masa gaskiya da harshen da yake ji, ko da ba za ku rabu a kan ra'ayi ɗaya ba. Abin da ke gajiyar da malami shi ne wanda zai ce maka kana da gaskiya, sannan ya hana ka aikinka. Na yi shekaru ina jin wannan kalma a ofis, kuma yanzu da na ji an fara ta, sai in tattara takarduna.