Ɗarin Haboba

Ƙarfe huɗu da rabi na yammacin wata Talata na sa reza na yanke wata tsohuwar igiya, kuma tun daga lokacin ban ƙara yarda da kaina yadda na saba ba. Ina shekara ta uku ke nan a karatun hadisi a Alƙahira, muna haya a unguwar Madinat Nasr ni da wata ƙawata 'yar Sakkwato. Ni ba mai magana ba ce. A aji kujerar gefe nake zama, ko na san amsa sai in sunkuyar da kai. Abin da aka san ni da shi bin diddigi ne: a ba ni littafi, wasalin da aka ɗora ba daidai ba shi idona ke fara gani. Na rubuto muku ne don na ga kuna buga labaran masu karatu, nawa kuwa ya daɗe yana cin raina.

Wannan halin ne ya haɗa ni da tsofaffin kuɗin Ingila. Wata rana a Wustul Balad, wato tsakiyar birnin, wurin wani mai sayar da tsofaffin littattafai, na ga faranti cike da tsabar kuɗi duk sun yi baƙi, yawancinsu rabin kwabo na tagulla, wasu da hoton jirgin ruwa, wasu da mace a zaune riƙe da mashi. Na sayi kaɗan. A gida na lura biyu daga ciki shekararsu ɗaya amma ba su zama ɗaya ba, domin guda na da wani siririn layi kamar gashi daga harafi zuwa baki. Da na bincika sai na gane hatimin ƙarfen da ake buga kuɗin da shi ne yakan tsage, ko a buga sau biyu haruffa su fito da inuwa, ko lambar ƙarshe ta shekara ta ɗan ja gefe, kuma akwai masu tara irin waɗannan kura-kurai. Abin ya yi mini kama da karatuna, inda muke jera riwayoyi mu nemo wurin da harafi ɗaya ya sauya. Na sayi gilashin ƙara girma da ƙaramin sikeli. Ƙawata takan ce mutane sun zo Masar neman ilimi, ni na zo yi wa Sarkin Ingila gyaran jarrabawa.

A hawan da ke ƙasa da namu akwai wasu 'yan Sudan da yaƙi ya koro: wata tsohuwa da kowa ke ce wa Haboba, wato kaka a bakinsu, da 'yarta da jikoki. Wata rana ina waya da mahaifiyata a kan matakala, sai tsohuwar ta kama gefen hijabina ta tambaye ni da Hausa 'yar wane gari ce ni. Hausarta tsohuwa ce, haɗe da Larabci. Kakarta ce ta taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za ta hajji, zama ya kama ta a Sudan. Idanun Haboba sun yi yana, ba ta gani sai duhu-duhu, don haka duk Juma'a nakan sauka in karanta mata Suratul Kahfi, ta sa a kawo mini shayi. 'Yar gida take ce mini. A duk Alƙahira ba wanda nake sakin jiki da shi kamarta.

Na lura duk lokacin da nake karatu yatsunta na wasa da wani abu a wuyanta. Wata Juma'a ta zaro shi, ta tambaye ni ko yaran yanzu sun san ɗari. Ni dai na sani, amma a littafi: kafin naira akwai kwabo, rabinsa shi ne ɗari. Ban taɓa riƙe shi ba. Fari ne, da tauraro a baya, da rubutun Larabci a gaba, da huji. Sai dai hujin ba a tsakiya yake ba, ya karkace har ya ci wani ɓangare na rubutun. Irin kuskuren nan a hoto kawai na taɓa ganinsa. Ni da ba na iya roƙon gishiri wurin maƙwabta, sai ga ni ina roƙon ta ara mini shi kwana biyu. Ta cire ta kai, ta ce in dawo mata da shi yadda na karɓa.

Abin da nake so in tabbatar shi ne ko daga wurin bugawa hujin ya fito haka, ko wani ne ya faɗaɗa shi da ƙusa daga baya. Sai an ga bakin hujin ake ganewa, igiyar kuwa ta cike shi. Baƙa ce ƙirin, ta sha mai da gumi har ta yi tauri, da ƙulli uku a jikinta. Na gwada kwance su da allura, suka ƙi. Na ce a raina ai ma alheri zan yi mata, in saya mata sarƙa mai kyau a maimakon wannan dauɗar. Ranar Talata na yanke ta, kuma da yake ta manne sai da na yi mata gunduwa-gunduwa. Na tattara na zuba a kwandon shara tare da ganyen shayi. Hujin na asali ne. Na yi ta murna ni kaɗai, ina ɗaukar hoto. Da safe mai kwasar shara ya zo ya tafi da kwandon.

Sai da na zo mayar da shi maganarta ta dawo mini: yadda na karɓa. Na sayo sarƙar azurfa na zura, amma na kasa sauka. Kullum in ce gobe. Na koma saɗaɗawa idan zan wuce ƙofarsu, Juma'a ta zo na ce kaina ke ciwo. Ko ƙawata ban gaya wa na karɓo wani abu ba. Ana cikin haka na ji a bakin jikokin cewa ranar Asabar mai zuwa za su koma garin Aswan, can kudancin Masar, wurin ɗan Haboba.

Ranar Laraba ina ɗakin karatu, 'yar Haboba ta hau sama ta ce wa ƙawata tsohuwa ta ce a aiko mata da ɗarinta. Ƙawata ba ta san wani ɗari ba sai na lissafi. Ta ɗauka bashi na ci, ta buɗe jakarta ta miƙa fam ɗari na Masar, har da cewa ma'alish, a yi haƙuri an yi jinkiri. Da na dawo ta tare ni da dariya, wai ashe masu shiru-shiru har tsofaffi suke ci bashi, in shirya biyanta. Ban gama cire takalmi ba aka ƙwanƙwasa. 'Yar Haboba ce, da kuɗin a naɗe cikin takarda. Ta ce mahaifiyarta ba ta ci komai ba tun da aka kai mata, kuma ba faɗa ta zo yi ba, in dai gaya musu wanda na sayar wa su je su roƙe shi.

Na sauka da gudu. Ɗakin cike da ƙullin kaya, Haboba na zaune a kan katifar da ba a naɗe ba tukuna. Na durƙusa na yi mata bayanin ruɗanin da aka samu, na sa mata ɗarin a tafin hannu. Fuskarta ta washe, ta yi hamdala, ta ce ta san 'yar gida ba za ta yi mata haka ba. Sai yatsunta suka bi sarƙar. Suka hau, suka sauko, suka sake hawa. Ta tambaye ni ina igiyar. Na ce ta tsufa ne na sauya mata. Ta ce ta ji, amma ina na ajiye ta. Na faɗa mata gaskiya. Ta dunƙule hannunta, ta juya fuskarta bango.

'Yarta ce ta fitar da ni kan matakala ta yi mini bayani, ba tare da ta ɗaga murya ba. Zaren igiyar daga zanen saƙin da kakar Haboba ta taso da shi daga gida aka ware shi. Ƙullin farko ita ta yi. Na biyu mahaifiyar Haboba ta yi ranar da abin ya dawo wuyanta, na uku Haboba ta yi ranar da aka binne tata uwar, kuma ita mai maganar ce za ta yi na huɗu. Da suka gudo sun bar gida da hotuna da kaburbura, wannan kaɗai ya fito don yana wuya. Tun da idon tsohuwar ya tafi, da yatsa take bin su ɗaya-ɗaya tana yi musu addu'a. Ta ƙara da cewa shi kuɗin, da na roƙa, da an bar mini.

Na je wurin mai gadin gidan, ya ce sharar da ta fi mako ai sai dai haƙuri. Washegari na bi har inda motocin shara ke taruwa, ina yi wa masu tsintar kwali kwatancen baƙar igiya da Larabcin littafi, suna kallona da tausayi. Na dawo na zazzage ɗakina, na ɗaga katifa, na bi kowace kusurwa da gilashin nan nawa. A cikin akwatin sikelin, can a lungu, na tsinci guntu ɗaya mai ƙulli, bai fi ƙwayar wake ba.

Ranar Asabar ana loda kaya a mota na sa wa Haboba shi a hannu. Ta murza shi a hankali, ta ce na mahaifiyarta ne, don bahaguwa ce, ƙullinta ta hagu yake juyawa. Na ce ta yafe mini don Allah. Direba na ta cewa yalla, a yi sauri. Ta ƙulle guntun a bakin mayafinta, aka kama ta ta shiga mota, motar ta tashi.

Har yau kuɗaɗen nan suna wurina, amma na daɗe ban ɗora musu gilashi ba. Na ɗauka ni mai lura ce, ashe abin da nake so kaɗai nake lura da shi. Watanni ina zaune gaban matar nan ina ganin yatsunta a kan ƙullin, ban taɓa tambayar me suke nema ba. Ina kira ga 'yan'uwana, musamman mu ɗalibai da ke zaune cikin mutanen da suka rasa komai: idan aka ba ku aron abu, ba ku ne za ku yanke wane ɓangarensa ne mai daraja ba. Kada ku gyara, kada ku wanke, kada ku sauya sai kun tambaya. Idan kuma kun riga kun yi ɓarna, ku je ku faɗa a ranar. Ɓuyan da na yi shi ya sa tsohuwa ta wuni da yunwa tana zaton na sayar da ita.

Na yi ta aika saƙo ta wayar 'yarta, gaisuwa kawai ke dawowa. Sai ana gab da azumi saƙon murya ya shigo, muryar Haboba ce da kanta. Ta ce 'yarta ta ware zare daga nata mayafin ta murza sabuwar igiya, sun ɗaura guntun a jiki. Ta ce ta yafe mini tun a mota, duniya da lahira, kuma har yanzu ni 'yar gida ce. Amma in daina tambayarta ko abin ya wuce, domin duk asuba yatsanta yakan je neman kakarta, ya tarar ba kowa.