Ranar da Jirgina Ya Leƙa Gidajen Gwammaja

Abin nan ya ba ni wahala, ba zan ɓoye ba. Tun ina saurayi nake gini da yaɓen soro a cikin birni, gwiwa ta gaji, baya ya gaji, amma ba abin da ya sa ni gumi kamar koyon tashin ɗan jirgin nan da ake ce wa diron. Wurin wani mai ɗaukar bidiyon biki na sayi tsohon nasa. Rubutun da ke fitowa a waya duk Turanci ne, ni kuwa ban yi nisa a boko ba. Da yatsa na koya. Sau biyu ina ciro shi daga kan darbejiya.

Sai ranar da ya tashi sosai. Bayan la'asar ne, a wani fili bakin kududdufi a Gwammaja. Na tura sandar rimot, ya yi ƙugi kamar taron zuma, ya miƙe. Na duba waya, sai ga Dala a ƙasana. Ni da na tsufa ina ɗaga kai in kalli dutsen nan, yau ga tsakiyar kansa. Ga lungunan da nake tura baro a ciki sun koma kamar zare. Har na gane wani soro da na yaɓe kafin damina, indararonsa na nan daram. Tantabaru suka gifta ta ƙarƙashinsa. Dariya nake ni kaɗai, da furfurata da komai.

Aka dafa kafaɗata. Wani tela ne mai shago a bakin lungu, tef na rataye a wuyansa.

"Malam, sauke abin nan."

"Bari ya zagayo tukuna."

"Na ce ka sauke. Iyalina na tsakar gida ana yi mata kitso, ta ɗaga kai ta ga ido a kanta."

Kafin in buɗe baki an taru, 'yan dako da masu fitowa daga masallaci. Wani ya ce, "Ai maginin nan ne." Wani ya ce, "Wanda muke shigarwa har ɗaka?"

Su fasa jirgin, da sauƙi. Amma maginin da aka ce yana leƙen matan mutane ya gama aiki a cikin birni, ba mai sake barinsa ya wuce zaure.

Don in wanke kaina sai na yi wautar da ta fi ta farko. Na ɗaga wayar na ce, "Ku zo ku duba da idonku, dutse nake ɗauka." Na manta jirgin na tsaye a sama, kyamarar na kallon ƙasa. Maza suka miƙo wuya. Ga tsakar gidaje a jere, ga shanya, ga wata tana iza wuta.

Wani dattijo, tsohon ɗan kasuwar Wambai da unguwar ke jin maganarsa, ya kife tafin hannunsa a kan wayar.

"Leƙenka kai kaɗai bai isa ba, sai ka gayyato unguwa?"

Aka yi dariya, ban da tela. Na sauko da jirgin, ya kuwa dira a gaban ƙafata lumui, saukar da bai taɓa yi ba. Wani ɗan dako ya ce, "Wallahi tsohon nan ya iya." Duk da halin da nake ciki sai da na ji daɗi.

Dattijon ya ce, "In za ka hau soro yaɓe, me kake fara yi?"

"Ina sanar da maƙwabta, Baba. A ce za a hau sama, mata su kimtsa."

"Yau wa ka sanar?"

"Ai ƙafata na ƙasa."

"Idonka fa?"

Na zare memorin jirgin, katin da ke ajiye hotuna, na miƙa wa tela. Bai nemi ganin abin da ke ciki ba. Ya ciro almakashi daga aljihu ya datse shi biyu, ya wurga a kududdufi. Dalata ta tafi ke nan. Na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce, amma bai ba ni hannu ba.

Da aka watse dattijon ya jawo ni gefe, ya rage murya.

"Rufin gidana na yoyo ta gabas. Abin nan zai iya gano wurin?"

Na ce har tsagar da ba ta kai tsinke ba zai nuna masa.

Washegari da safe na sa jirgin a jaka, na bi gidajen da ke kewaye da nasa ɗaya bayan ɗaya. In yi sallama a zaure, in ce za a hau sama da hantsi, ba za a daɗe ba. Gidan tela ne na ƙarshe. Ya fito da kofin shayi, ya dube ni, ya dubi jakar.

"Kai ne za ka hau ko shi?"

"Shi."

Ya leƙa ciki ya faɗa wa iyalinsa, ya zura takalmi ya biyo ni. A ƙofar gidan dattijon na ba tela wayar ya riƙe, na tura sandar.